Garantin Baki da Giyar Mota

Ni malamin makaranta ne, yau shekara ashirin ke nan ina riƙe da alli tun fitowata daga kwalejin horon malamai, amma ba maganar makaranta na zo da ita ba. Maganar giya na zo da ita. Kada dattawa su yi saurin buɗe wani shafi, ba ta kwalba nake nufi ba, ta mota ce, ko da yake na ga yadda ita ma takan juya kan magidanci ta raba shi da kuɗinsa da barcinsa. Abin a kaina ya faru, kuma tun da rabin mutanen Anloga sun riga sun ga ana tura ni a tsakiyar titi, babu sauran abin ɓoyewa. Gara in ba da labarin da bakina, ko wani ya tsira daga ramin da na faɗa.

A watan Nuwamba na 2021 na sayi mota. Allah ya sani ba don a ce Ticha ya yi mota ba ne. Makarantar da nake koyarwa trotro biyu ce daga gida, in ruwa ya sauko kuwa sai ka tsaya a mahaɗar Anloga har riga ta manne maka a jiki kafin ka sami wuri. Mma, mahaifiyata, gwiwoyinta sun gaji, ɗaga ƙafa ta hau trotro ya zame mata azaba, ga shi duk wata sai an kai ta ganin likita. Na ci bashi a asusun malamai, irin wanda ake cirewa daga albashi tun kafin ya iso hannunka, za a yi shekara huɗu ana cira. Bai kai ba, sai uwargida, wadda take sayar da atamfa a Kejetia, ta kwashe susunta na shekara guda ta ɗora a kai. Ke nan motar ba tawa ce ni kaɗai ba, gumin mutum biyu ne, da albashin da ban ma karɓa ba tukuna.

Kafin in ci gaba, bari mu tuna inda motocinmu suke fitowa, don nan ne tushen maganar. Tun ranar 4 ga Agusta 1974 da Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, motar da ta dace da titinmu ita ce mai sitiyari a hagu. Shi ya sa tsofaffin motocin da muke kira homyus, waɗanda 'yan'uwanmu na Najeriya suke ce wa tokumbo ko Beljiyam, akasarinsu daga Amurka da Kanada da Jamus da Koriya suke zuwa, su sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema. Da yawa daga cikin na Amurka a gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, wato motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci su, inshora ta ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu, ta biya mai su ta yi gwanjonsu. In sun iso nan sai a buge su, a shafa fenti, su fito kamar amare. A 2020 majalisa ta zartar da gyaran dokar kwastan, Doka ta 1014, wadda ta hana shigo da irin waɗannan da kuma tsofaffin da suka wuce shekara goma, amma da masu sana'ar suka yi ca, sai gwamnati ta dakatar da aiki da wannan ɓangare a shekarar. Sababbin motoci masu garantin gaskiya suna nan, Volkswagen ta fara haɗa mota a Ankara, wato Accra, a 2020, Toyota kuma a Tema a 2021. Sai dai albashin malamin makaranta bai san hanyar can ba.

Wani dillali aka haɗa ni da shi, abokin surukina. Ya kai ni wani fili a gefen titin Ankara inda aka jera motoci, ya nuna mini wata ƙarama mai launin toka, otomatik, cikinta sai ƙamshi. Ya dafa ta ya ce, "Ticha, ka ga wannan? Wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai coci." Na ce, "Alhaji, garanti fa?" Ya ce, "Wata uku, inji da giya. Ko tari ta yi ka dawo mini da ita." Na ce to a rubuta mana. Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Ticha, tsakanina da kai sai an yi takarda? Surukinka abokina ne tun muna yara, alƙiblarmu ɗaya." Kunya ta rufe ni, na yi shiru. Ni da ba na barin yaro ya fita daga aji sai da takardar izini, na miƙa albashin shekara huɗu a kan maganar baki.

Akwai kuskure na biyu da ya fi wannan. A Magazin ta Suame akwai wani tsohon fita, aminin marigayi mahaifina ne, kowa Masta yake ce masa, ya fi shekara arba'in yana kwance mota yana ɗaurawa. Da na kira shi, da ya zo ko kuɗin trotro ba zai karɓa ba. Ban kira shi ba. Dillali ya ce akwai wani mai zuwa da kuɗi hannu bayan la'asar, ni kuma, in za a faɗi gaskiya, tsoro nake yi kada Masta ya gano mata aibi ya raba ni da ita, don ta riga ta shiga raina. Da na buɗe ƙaramin akwatin gaban mota na tarar da littafin kamfani, an rubuta garantin inji da giya na shekara biyar ko mil 60,000, sai na ji kamar an ba ni takardar gado. Muka zaga unguwa sau ɗaya, minti goma, na biya.

Mako shida muna cikin daɗi. Mma takan zauna a baya tana jan carbi tana sa mini albarka. A mako na bakwai, cikin hunturun Janairu, na lura in na sa giya da safe sai in ƙirga ɗaya, biyu, uku, kafin ta kama, kuma in ta kama sai ta yi wani ƙum kamar an buga ƙofa. In muka zo hawa, inji ya yi ta kuka amma mota ba ta ja. Na buga wa dillali waya. Ya ce, "Sanyin hunturu ne, Ticha, motar Turai ce ba ta saba da ƙurarmu ba. Ka ƙara mata man giya." Na tsaya wurin wani yaro a bakin titi, ya ɗauko jan mai a galan marar suna ya ɗura mata. Kwana biyu ta yi kamar ta warke. Daga nan na koyi lallaɓa ta, in tashe ta da wuri, in kauce wa tudu, in ƙara ƙarar rediyo don kada uwargida ta ji. Ina ganin alama, ina rufe ido, kwanakin garanti kuwa suna tafiya.

Ranar da asiri ya tonu wata Talata ce a watan Maris na 2022, na ɗauko Mma za mu asibiti. Muna tsaye a danjar mahaɗar Anloga, wuta ta ba mu hannu, na taka, inji ya yi ruri, mota ko motsi. Wanda ya san wurin nan da safe ya san abin da ya biyo baya. Masu trotro suka dinga danna oda suna aiko mini da ashar da Tonanci, masu pragya suna kutsawa ta gefe. Wasu samari suka zo suka tura mu bakin hanya, ɗaya daga cikinsu ma yaro ne da na taɓa koyarwa, yana turawa yana cewa "Sannu, Sa." Mma ba ta ce komai ba sai da muka tsaya, sannan ta ce, "Baba, bar ta nan, tsayar mini da pragya kada likita ya tashi." Baba take ce mini saboda sunan surukinta, kakana, aka sa mini. Na kama ta na ɗora ta a pragya da waɗannan gwiwoyi, tana cije leɓe. Abin da na ci bashi don in raba ta da shi, shi na mayar da ita ciki da hannuna. Wannan ya fi zagin masu trotro yi mini ciwo.

Na sa aka ɗaure motar da igiya aka ja ta har Suame. Da Masta ya hango mu sai ya dafe kai. Ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka ana jan otomatik a ƙasa haka? In inji ba ya aiki famfon mai ba ya juyawa, ƙarafa suna cin juna a bushe. Ɗaukarta ake yi." Bai tambaye ni dalilin da ya sa ban kira shi ranar ciniki ba, kuma shirun nan ya fi faɗa. Ya zaro ma'aunin mai ya kai hanci, ya miƙo mini. Man da ya kamata ya zama ja garau ya koma baƙi, yana ƙauri kamar tuwon da ya kama. Da yaransa suka kwance farantin ƙasa, maganaɗisun da ke ciki ya cika da garin ƙarfe.

A nan ne malami ya zama ɗalibi. Masta ya zaunar da ni a kan tsohuwar taya ya yi mini karatu. Ya ce giyar hannu direba ne yake taka kuloci ya sauya, amma otomatik mai ne yake yin wannan aikin, ƙarfin matsin mai ne yake damƙe faya-fayen da ke ciki ya sake su, shi ne kuma yake sanyaya su. Saboda haka abokan gabarta biyu ne, zafi da man da ba nata ba. Akwai mai faya-fayai da haƙora, akwai kuma wadda ake kira CVT, mai bel na ƙarfe da ke gudu tsakanin gargare biyu, kowace da irin manta. "Man giya ba man gyaɗa ba ne da za ka soya kome da shi," in ji shi. Sannan ya haska tocila ta gaban mota ya nuna mini ainihin ɓarnar. An taɓa buge gaban, an sauya lagireto, bututun da yake kai man giya can ya huce kuwa an bar shi a lanƙwashe, mai da ƙyar yake wucewa. Wato tun ranar da na saye ta giyar take dahuwa a hankali. Ya ce da ya gan ta ranar, minti biyar ya ishe shi.

Washegari na tafi wurin dillali da ƙarfin gwiwata. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, sannan ya ɗauko kalanda ya ƙirga. Ya ce, "Ticha, wata uku sun wuce da kwana goma sha tara. Kuma na ji ka bar wani hannu ya taɓa ta." Na ce, "Alhaji, ai tun Janairu na gaya maka, kai ne ma ka ce in ƙara mata mai." Ya dube ni ya ce, "A ina na rubuta?" Wallahi sai na rasa abin cewa. Takardar da ya hana a yi ranar ciniki saboda zumunci, yau ita yake nema a hannuna.

Ban haƙura ba, na ɗauki littafin nan na tafi ofishin wakilan kamfanin. Ma'aikacin da na samu mutumin kirki ne, ya yi mini bayani dalla-dalla. Garantin da ke littafin na ƙasar da aka fara sayar da motar ne, ba ya bin ta cikin jirgi. Shekara biyar ko mil 60,000 kuwa, duk wanda ya riga cika shi ke nan, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ni kuwa duk zaman nan lissafin kilomita nake yi wa mitar. Bayan haka motar da inshora ta riga ta yi gwanjonta a matsayin wadda ta lalace, kamfani yakan janye hannunsa daga kanta tun a can. Da dare wani ɗan yayata ya karɓi lambar jikin motar, mai harufa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ya biya 'yan kuɗi a intanet. Sai ga hoton motata a filin gwanjo, gabanta a murƙushe kamar gwangwanin madara. Na ce Allah ya sa dai tsohuwar Baturiya ta fita lafiya.

Saura kotu. Ina da wani tsohon ɗalibi da ya zama lauya, na je masa. Ya ce, "Sa, doka ba ta bar ka haka ba." Ya nuna mini Dokar Sayar da Kaya ta 1962, Doka ta 137, inda aka ɗora wa mai sayarwa sharaɗin cewa kayansa ba su da aibin da bai bayyana ba ko mai saye bai sani ba, sai fa in mai saye ya duba kayan kuma aibin irin wanda dubawa za ta nuna ne. Ya ce alkawarin baki ma alkawari ne, matsalar ita ce shaida. Sannan ya ba ni labarin wata shari'a ta 1975, tsakanin Rockson da Armah, a kan tsohuwar Marsandi. Mai saye ya hau ta kusan wata biyu kafin ya ce ya fasa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ya yi jinkiri, damar mayar da ita ta wuce shi. Ya ce, "Kai ka hau taka kusan wata huɗu, biyu daga ciki kana sane da ciwonta. Mayarwa kam da wuya. Za mu iya neman diyya, amma ba ka da takarda, ba ka da shaida, kuma kafin a gama abin da za ka kashe zai iya sayen giyar." Na gode masa na taso.

A wasu ƙasashe ba haka abin yake ba, don akwai hukumar da take tsaya wa mai saye. A Ostareliya, a 2018, kotu ta ci kamfanin Ford tarar dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda ya bi da koke-koken waɗanda suka sayi motoci masu giyar PowerShift, kuma hukumar kare masu saye ce ta kai ƙarar, ba talaka shi kaɗai ba. Tawa ba irin wannan motar ba ce, misali kawai na kawo. A Amurka tun 1982 jihar Connecticut ta fara dokar da take tilasta wa kamfani ya musanya sabuwar motar da ta ƙi gyaruwa ko ya mayar da kuɗi, sauran jihohi suka bi. Mu kuwa an shafe shekaru ana maganar dokar kare masu saye guda ɗaya cikakkiya, amma har ƙarshen 2024 ba ta fito daga majalisa ba.

Motar ta zauna a garejin Masta, azumi ya zo ya wuce, babbar salla ta zo ta wuce, ana ta cire bashi a albashi ina hawan trotro. Masta ya ce kwance giyar a gyara ba zai yi amfani ba, sai dai a sayi wani giyabos ɗin homyus a ɗaura. Ga shi shekarar ce sidi ya yi ta zubewa. A farkon 2022 dala ɗaya sidi 6 da 'yan kai ce, kafin ƙarshen Oktoba ta kai 13, tsadar kaya kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Duk lokacin da na tara kuɗi na je tambaya, sai in tarar farashin ya riga ni gaba. A ƙarshe uwargida ta sake kawo susunta. Ba ta yi mini gori ba, cewa kawai ta yi, "Malam, wannan karon ka tafi da Masta."

Kun san hali zanen dutse. Ban tafi da shi ba. Na sami wani shago a can cikin Magazin da ya fi araha, na saya ni kaɗai don in nuna na iya. Mai shagon ya ɗiga wa kusoshin fenti ruwan ɗorawa, ya ce garanti mako biyu muddin ba a kwance ta ba. Wannan ma da baki. Masta ya ɗaura. Rana ta tara na sa ribas a ƙofar gida, mota ta ƙi komawa baya. Na koma shago, mai shago ya ce fita ne bai iya ɗaurawa ba. Na dawo gareji, yaran Masta suka ce kayan ne matacce tun daga jirgi. Na tsaya a tsakiya, saura kwana biyar, kuma na riga na san yadda ake cinye kwanakin garanti da "dawo gobe".

Masta bai ce uffan ba. Ya wanke hannu da kananzir, ya ɗauki hularsa, ya sa yara suka ɗora giyabos ɗin a aboboya, ya ce in biyo shi. Da muka isa ya gaisa da mai shago da Tonanci, ya tambayi iyali, ya nemi kujera ya zauna. Sannan ya nuna fentin da ke kan kusoshi, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ya ce, "Yaron nan ɗana ne. Ni na ɗaura giyar nan da hannuna. In hannuna ne ya ɓata ta, ka faɗa a gaban mutanen layin nan, in biya." Wuri ya yi tsit. A layin nan akwai masu gareji da dama da a ƙarƙashin Masta suka koyi riƙon sifana, kuma a nan suke sayen kaya. Mai shago ya yi murmushi, ya ce ai ba za a yi haka da shi ba, ya sa aka fito da wata. Kafin a ɗauka Masta ya juyo ya ce, "Ticha, kai ne mai biro. Rubuta." Na rubuta lambar giyabos, da ranar, da adadin kwanaki, da abin da za a yi in ta ƙi, mai shago ya sa hannu, maƙwabcinsa da Masta suka yi shaida. Ita ce a motar har yau.

Da dare na ba Mma labari. Ta ce, "Ai aikin mai sunanka ke nan." Kakana maigida ne a cinikin shanu a nan Kumasi. Fatake sukan koro shanu daga arewa su sauka a gidansa, mahauta su ɗauka bashi, baƙo bai san mahauci ba, mahauci bai san baƙo ba, amma duka sun san ƙofar gidansa. Shi ne lamuni. In mahauci ya ƙi biya, shi zai bi shi, in ya gagara ya biya daga aljihunsa, don ranar da baƙo ɗaya ya koma gida da kuka, ba wanda zai sake sauka a wurinsa. Wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta yi rubutu a kan wannan tsari na masu gida da dillalai da mahautan Kumasi a 1966. La'adar da suke karɓa ba ta nuna kaya ba ce kawai, ta ɗaukar nauyi ce. A daren nan na fahimci abin da ya same ni. Garanti ba kalma ba ce, ba kuma littafi mai sheƙi ba ne. Garanti mutum ne da aka san ƙofar gidansa, wanda zai yi asara in maganarsa ta faɗi. Dillalina ya gaji la'adar kakanninmu, ya bar nauyin. Kuma tun da garin ya girma, ba kowa ya san kowa ba, dole takarda ta taimaki fuska. Ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, mun karanta ta tun muna makarantar allo, amma muna jin kunyar aiki da ita a tsakaninmu.

Da a nan labarin ya ƙare, da na fita a wanda aka zalunta kawai. Amma jarrabawar tana gaba. A 2024 kuɗin makarantar yara ya taso, na yi shawarar sayar da motar. Wani dillalin ya kawo mini wani saurayi ma'aikacin jinya, sabon aure, shi ma bashi ya ci. Kafin su iso ya ja ni gefe ya ce, "Ticha, kada ka ta da maganar giya. Tana tafiya lafiya, mene ne na tone-tone?" Na ga yaron yana shafa motar, idonsa na ƙyalli, kamar ni shekara uku da suka wuce. Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da zuciya ta raya mini in yi shiru, har ta kawo mini hujja, wai ai ni ma haka aka yi mini. Na shiga ɗaki na sha ruwa, na fito da hoton gwanjo da takardar Magazin na miƙa masa. Na ce gabanta ya taɓa buguwa, giyarta ba ta asali ba ce, ya je ya zo da fitansa ya duba, in mun daidaita zan rubuta masa wata guda in sa hannu, ga kuma ƙofar gidana. Ya yi godiya ƙwarai, ya ce zai yi shawara. Bai dawo ba. Dillalin ya yi fushi, har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Kuɗin makaranta sai wata hanyar muka bi. Motar tana nan a ƙofar gida, ita take kai Mma asibiti.

To 'yan'uwa, ga abin da na saya da tsada, ina ba ku kyauta. Kada ka je sayen mota sai da fitan da ka yarda da shi, wanda ba shi da rabo a la'ada. Ku tashe ta da safe tana sanyi, ku hau tudu da ita, ku gwada ribas, ku shinshina man giya. Ka karɓi lambar jikinta a bincika tarihinta kafin ka ƙirga kuɗi. Duk wanda ya ce akwai mai zuwa bayan la'asar, ka bar wa mai zuwan. Kome aka yi alkawari a rubuta, da rana, da shaidu biyu, kuma wanda ya ji haushin takarda ya riga ya gaya maka abin da zai yi ranar da giya ta mutu. In ka ga alama ko ƙanƙanuwa, ranar nan ka mayar da mota, ka aika saƙo a rubuce ka adana, kada ka bari wani hannu ya taɓa ta, don jinkirinka shi ne lauyan mai sayarwa. In kuma kai ne mai sayarwa, ka tuna yaron da ke gabanka shi ma wataƙila albashin shekara huɗu ne a aljihunsa.

Allah ya saka wa Masta da irinsa da alheri, ya ba iyayenmu lafiya, ya tsare mu daga cin amana da kuma kunyar da ba ta da amfani.